Fitila Biyu a Layi Ɗaya

Da hantsi aka fara fito da yaran makarantar da ke bayan layinmu, wannan a kafaɗar malami, wancan a bayan babur, kowanne ya riƙe ciki yana sheƙa amai. Ni ma babur nake tuƙawa, don haka na yi ta jigila zuwa asibiti har rigata ta jiƙe sharkaf. Kafin rana ta take an gano abin da suka ci. Burodi ne aka saya musu a kantin ƙofar makaranta, ledojin kuwa ga su nan zube a aji, kowacce da hoton fitila mai ruwan ɗorawa da sunan da ko ɗan yaye ya sani a unguwar, wato Burodin Fitila.

Ba a ɓata lokaci ba duba-gari ya zo da kwaɗo ya garƙame gidan burodin, ya ce gobe zai dawo da ɗan sanda. Mai gidan, wadda muke kira Uwar Burodi, tana tsaye da fulawa har gwiwar hannu. Mutanen layi ne suka ari bakinta, kuma duk maganarsu ɗaya: aikin Auta ne.

Wanda ba ɗan layinmu ba zai ce mun cika saurin yanke hukunci, kuma gaskiyarsa ne, amma muna da dalilinmu. Tsohon da ya kafa Fitila 'ya'ya biyu ya bari. Babbar ita ce Uwar Burodi, ita ta goyi ƙaninta Auta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta koya masa kwaɓi tun hannunsa bai kai tebur ba. Da ya girma ya ce a rushe tsohon tanderu a sayi inji, ta ce sai dai bayan ranta. Sai ya kwashe rabonsa ya buɗe nasa gidan a ƙarshen layi, ya kafa allo mai ruwan ɗorawa da hoton fitila, ya rubuta Burodin Sabuwar Fitila. Ta ce ya saci suna, ya ce uban da ya haife ta shi ya haife shi. An zauna gaban shugaban masu burodi, aka tashi baram-baram. Tun daga nan ko gaisuwa ba ta haɗa su, mu kuma masu saye muka shiga uku, ka ce a ba ka Fitila, sai ka isa gida ka ga ta wane ɓangare ka ɗauko.

Mutum ɗaya ne kawai yake shiga gidajen biyu, Mai Keke, wanda yake rarraba burodi a kantuna da kekensa mai ƙafa uku tun zamanin tsohon. Ranar ma yana cikin taron, ya langaɓe kai abin tausayi.

"Ni dai ba ruwana, ɗauka nake in sauke," in ji shi. "Amma abin da ido ya gani ya gani. Na ga ledojin Yaya a gidan Auta."

Nan take wasu samari suka fara neman sanduna. Uwar Burodi ta daka musu tsawa, ta ce duk wanda ya taka ƙofar Auta da ita zai yi. Sannan ta juyo wajena ta ce in je in ɗauko mata surukina.

* * *

Surukina, uban matata, shi ne Baba Mai Sawu. Ƙuruciyarsa duk a bin sawun shanun sata ta ƙare, har ana cewa in ya dubi ƙasa zai gaya maka ko ɓarawon ya karya kumallo. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ne ya rage, don haka ni ne ƙafarsa. Shekaruna sun haura arba'in, ga tumbi, ga 'ya'ya, amma har yau bai taɓa kirana da komai ba sai direba.

Muka sami Uwar Burodi zaune a kan benci a gaban ƙofar da aka kulle. Ta kori kowa, ni ma ta so ta kore ni, Baba ya ce a bar ni, ai babur ba ya jin magana.

"Baba, kwaɗon nan bai dame ni ba," in ji ta. "Na san abin da na kwaɓa da hannuna. Amma gobe za su tambaye ni wanda nake zargi, in kuwa na buɗe baki sunan yaron nan ne zai fito. Daga nan sai ɗauri. Ni na goye shi, Baba. In shi ne, ina so in sani kafin in faɗa. In ba shi ba ne…"

Ban taɓa ganin matar nan ta rasa ƙarshen magana ba, kuma wallahi sai da tausayinta ya kama ni.

"'Yata, an taɓa kawo miki ƙara kafin yau?" Baba ya tambaye ta.

"An sha kawowa. Wai ya yi tsami, wai yana wari. In na gutsura na san ba nawa ba ne, sai in ce su je ƙarshen layi, can aka cuce su."

"A ledarki yake zuwa?"

"Wani a tawa. Shi ya sa nake cewa ya samu ledojina."

Baba ya gyaɗa kai, ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya ce, "Direba, kantin makaranta."

* * *

Mai kanti ya ja ƙofa rabi yana leƙe, don iyayen yara sun riga sun yi masa tatas. Da ya ga Baba ne sai ya zaro sauran burodin daga ƙarƙashin kanta yana rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.

"Baba, ni sayarwa kawai nake. Fitila nake cewa, Mai Keke ya sauke, in jera. Ta farkon layi ce, ta ƙarshen layi ce, ni ina ruwana? Duk fitila ce a ido."

Mai Keke da ya biyo mu don ya taimaka ya ce haka ne, shi ma gida biyu yake lodi ya haɗa a keke ɗaya, in wani ya cusa masa wani abu cikin kwando ba zai sani ba. Na ga maganarsa ta yi ma'ana, mutumin da ba shi da tanderu ina zai gasa burodi?

Baba ya ɗauki ɗaya ya juya shi. Na zaci zai buɗe ya sansana, ko ya gutsura, amma ko kallon burodin bai yi ba. Wuyan ledar ya tsura wa ido, ya yi ta murza shi da babban yatsa kamar mai zaɓen yadi. Ya ɗauki na biyu ya yi haka, ya ɗauki na uku. Sannan ya zuba su a jakarsa ya ce mu tafi.

"Baba, me ka gani?" na tambaya a hanya.

"Na ga rami a gabanka," in ji shi.

* * *

Ni a raina mai buga leda nake zargi da haɗin baki, don shi yake buga wa gidajen biyu, kuma lalacinsa ne ya sa ledojin suka zama kamar tagwaye. Hoton fitilar da ya zana wa tsohon shi ya ɗauko ya manna wa Auta don kada ya sake zane. Muka same shi tsakanin injinansa, tawada har goshi. Da ya ji abin da ya kawo mu ya yi tsalle ya dire.

"Ni? In ba wa Auta ledar Yaya? Ai ko kuskuren ɗauri ɗaya na yi, matar nan sai ta zo ta tsaya a kaina har in rasa inda zan sa raina. Ku bincika ko'ina."

Na kuwa bincika, har ƙarƙashin tebur na shiga da tumbina, ban samo komai ba sai yanar gizo. Da na fito na tarar da Baba ya zari sabuwar leda ya cusa hularsa a ciki, ya ɗaure, ya kwance, ya ɗaga ta wajen haske yana dubawa. Raina ya ɓaci. Yara na kwance a asibiti, mutum na shirin shiga kurkuku, tsoho yana wasa da leda. Sai dai suruki ne, na haɗiye abina.

"Ledar nan taka tana da ƙwari," Baba ya ce wa mai bugawa.

"Haka tsohon ya saba karɓa, mai kauri. Ya fi so mai saye ya ƙara amfani da ita."

* * *

Gidan Auta fes yake, injinsa na ƙyalli, ma'aikatansa sun yi cirko-cirko. Shi kuma yana tsaye ya harɗe hannu, fuskar nan tamkar ta yayarsa in ta ɗaure ta. Ya gaida Baba har ƙasa, ni kuwa harara na samu.

Ba mu sha wahalar nema ba. A bayan buhunan fulawa akwai babban kwando an lulluɓe shi da tsumma. Na yaye, sai ga burodi tuli, wani ya yi funfuna, wani an gutsura, kuma mafi yawansu a ledar Burodin Fitila, ta yayarsa. Duk surutun da nake yi ashe ban so abin ya tabbata ba.

"Auta, mene ne wannan?" na ce.

"Abin da ka gani."

"Ka san gobe ɗan sanda zai zo?"

"Ya zo mana. Ku kai ni inda za ku kai ni, ba abin da zan ce."

Baba ya matso kusa. Ya sa na jawo masa kujera, ya zauna gaban kwandon yana ɗagowa ɗaya bayan ɗaya yana murza wuyan leda. Can ƙasa ya zaro wasu 'yan kaɗan masu sunan Sabuwar Fitila, su ma ya murza. Sannan ya miƙa wa Auta sabon burodi da sabuwar leda daga kan tebur, ya ce ya ɗaure masa ya gani. Auta ya murɗa wuyan ya zarge shi cikin ƙiftawar ido, ya bar ɗan kunne a gefe.

"Ɗaurin babanku," in ji Baba.

"Shi muka iya, ni da ita. Ka ja kunnen nan ta buɗe, ba sai ka yaga da haƙori ba."

"Kwantai fa, ina kake kai shi?"

"Inda ake kai shi tun da can. Mai Keke yana dawo da abin da bai shiga ba, in duba, ya wuce da shi gidan kaji."

"Ita ma haka?"

"Ban san abin da take yi ba yanzu," ya faɗa yana kallon bango. "Da dai haka ne."

Da muka fito na kasa haƙuri. Na ce ai magana ta ƙare, ga leda, ga ruɓaɓɓen burodi, ga mutum ya ƙi kare kansa. Baba ya ce in tsaya a gindin bishiya. Ya zaro burodi ɗaya daga jaka ya kama yatsana ya ɗora a wuyan ledar.

"Shafa ƙasan ƙullin. Me ka ji?"

Na ji wani shati, ledar ta tattare ta yi fari-fari, ɗan nesa kaɗan da inda aka ɗaure ta.

"Saniya in ta bi hanya sau biyu, sawu biyu take bari," in ji shi. "Wannan ledar an taɓa ɗaure ta, an kwance, an sake ɗaurewa. Duk na mai kanti haka suke, duk na kwandon Auta haka suke, har da masu sunansa. Mai sabuwar leda a tebur ba ya tsintar tsohuwa. Kuma mutum ba ya cutar kansa da kansa. Gobe da sassafe ka zo, za mu je ganin kaji."

* * *

An yi yayyafi kafin gari ya waye, ƙasa ta yi laushi. Gidan kajin yana can bayan gari inda gine-gine suka fara ƙarewa. Mai kajin, wata mata ce mai fara'a, muka same ta tana marmasa busasshen burodi a cikin babban baho.

"Sannu da aiki, 'yata," in ji Baba. "Wannan cire leda ai aiki ne babba."

"Wace leda, Baba? Ai Allah ya hutar da ni. Da can haka yake zuwa, kowanne a ledarsa, in yi ta kwancewa har yatsuna su yi ciwo. An kwana biyu yanzu Mai Keke tsirara yake kawo mini shi a buhu. Mutumin kirki, ya ce tausayina yake ji."

"Allah sarki. Yau ya zo?"

"Bai daɗe da fita ba, yana ta sauri."

A bakin ƙofarta Baba ya sa na kashe babur. Ya sauka da ƙyar, ya duƙa yana dafe da gwiwa. Sawun taya uku ne a laka, na bayan na hagu yana da faci, duk juyi sai ya buga ɗan tambari a ƙasa. Sawun ya shigo daga gari, amma da ya fita bai koma gari ba, ya karya dama ya bi wata siririyar hanya tsakanin ciyayi.

A ranar na ga abin da matata take ba ni labari tun muna sabon aure. Tsohon da ba ya iya hawa matakala sai an tallafe shi ya manta da gwiwa, yana gaba ina tura babur a baya ina haki. Inda ƙasa ta yi tauri sawu ya ɓace, sai ya dubi ciyawar da ta kwanta ya ci gaba. Bai yi kuskuren kwana ko ɗaya ba.

Hanyar ta kai mu wani kango mai rabin rufi. Tun daga waje wari ya tare mu. A ciki an kwantar da durom biyu an mayar da su tanderu, ga gwangwanayen burodi baƙi ƙirin, ga buhunan fulawa da ruwa ya taɓa har ta daskare ta yi kore a gefe. A tsakar wurin an tara ledoji an cinna musu wuta, amma mai gaggawar bai tsaya ya ga sun cinye ba. Na gefen tulin suna nan lafiya lau, fitila sama, fitila ƙasa, ta yaya da ta ƙani a cakuɗe.

Na ce, "Alhamdu lillahi, ba Auta ba ne!"

"Kar ka taɓa komai," in ji Baba. "Je ka ɗauko duba-gari ya gani da idonsa. Ni zan zauna nan, gwiwata ta tuna da ni."

* * *

Da rana aka taru a gaban ƙofar mai kwaɗo. Uwar Burodi na kan bencinta, da gani ba ta runtsa ba. Auta na tsaye can nesa ya juya mata gefe. Ga mai kanti, ga mai buga leda, ga Mai Keke ya jingina da kekensa yana yi wa mutane sannu, ga duba-gari da ɗan sanda, ga kuma duk wanda ba shi da aikin yi a layinmu, wato kusan kowa.

Ɗan sanda ya gyara tsayuwa ya tambaye ta ko akwai wanda take zargi. Ta dubi Baba.

"Kafin ki amsa, 'yata, karɓi wannan," ya ce, ya miƙa mata ɗaya daga burodin mai kanti. "Kar ki buɗe. Shafa wuyan."

Ita ba ta buƙaci bayani irin nawa ba. Yatsanta na sauka a kan shatin ta ɗago kai da sauri.

"An taɓa ɗaure ta."

Ya miƙa mata wata mai sunan Sabuwar Fitila. Ta karɓa da ƙyar kamar za ta ƙone ta, ta shafa, ta ce ita ma haka.

Sai Baba ya juya ga jama'a ya yi bayani a taƙaice, don shi ba ya son dogon zance. Ya ce sauran gidajen burodi ƙulli suke yi na mutuwa, sai an yaga leda. Gida biyu ne kawai suke zarge da kunne, kuma ledarsu mai kauri ce, in an kwance ta tana nan kamar sabuwa. Ya ce kwantan gidajen biyu a leda yake fita, amma tsirara yake isa wurin kaji. Ya ce tsakanin nan da can hannu ɗaya ne yake riƙe da shi.

Ba wanda ya ambaci suna, amma duk idanu suka koma kan keke mai ƙafa uku. Mai Keke ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Haba Baba, ni da ba ni da tanderu?"

"Kana da biyu," in ji duba-gari. "Daga can muke. Juyo mana da tayarka ta hagu mu ga facin."

Ya fara kame-kame, wai kangon na wani abokinsa ne, wai ajiya aka ba shi. Da ya ga ba mafita sai ido ya rufe, ya nuna Uwar Burodi da yatsa.

"To ai ku kuka buɗe mini ƙofa! Duk wanda ya kawo miki ƙara ki ce na Auta ne. Shi kuma in an kai masa ya yi gum. Suna ɗaya, leda ɗaya, ba kwa magana, wa zai tambayi wani? Ni ban yi niyyar yara su kwanta ba, fulawar ce wannan karon ta…"

Bai ƙarasa ba ɗan sanda ya riƙe masa wuyan riga, kuma ya kyauta, don samarin jiya sun fara waige-waigen sandunansu. Mutumin da ya ci arzikin gidan nan tun ina saurayi! Na ji takaici, amma ƙarƙashin takaicin wani sanyi ne yake ratsa ni.

Uwar Burodi ko kallonsa ba ta yi ba sa'ad da aka wuce da shi. Ƙaninta take kallo.

"Kai kuma, me ledojina suke yi a bayan buhunanka?"

Auta ya yi ƙasa da kai. Baba ya ce masa ya faɗa, yanzu ba wanda maganar za ta cuta.

"Mutane ne suke kawowa, Yaya. Wasu ɓatan gida suke yi, wasu ke kike turo su. In na ga ledarki ce, ɗaurin gidanmu ne, sai in karɓa in ba su nawa mai kyau, in ce su yi shiru."

"Don me?"

"Na ɗauka naki ne." Muryarsa ta yi ƙasa. "Na ɗauka ido ne ya fara gazawa, ko hannu. Har nawa da na gani a ciki na ce ko wani ma'aikacina ne ya yi sakaci. Ban so a ce burodinki ya lalace ba. Jiya kuma da aka ce yara sun kwanta, na ce in na yi magana ke za a ɗaure."

Na ga leɓenta na rawa, na ce yau za mu ga hawayen Uwar Burodi. Ina! Miƙewa ta yi ta riƙe ƙugu.

"Ni? Ni ce hannuna zai gasa wannan ƙazantar? Lallai yaron nan ka raina ni!"

"Ke ma ai kin ɗauka ni ne, Yaya."

"Ni yayarka ce, ina da ikon in ɗauka!"

Aka tuntsire da dariya, har ɗan sandan da ya yi nisa sai da ya waigo. Ita ma dariyar ta kama ta, sai a tsakiyarta kukan ya zo, ta zauna daɓas a benci ta rufe fuska da mayafi tana cewa Allah na gode maka, Allah na gode maka. Ana cikin haka wani malamin makarantar ya iso da labarin an sallami yaran, saura ɗaya da ake ƙara wa ruwa, shi ma har ya fara neman abinci. Mai kanti ya ɗaga hannu sama yana hamdala.

Duba-gari ya ce shi ya gamsu, amma kwaɗo ba zai fita ba sai an gama gwada fulawarta, kuma abin zai ɗauki 'yan kwanaki. Auta ya matso kusa da bencin, ya durƙusa.

"Yaya, masu sayenki fa? Gobe za su nema. Ga tanderuna can."

Ta share ido ta dube shi sama da ƙasa.

"Maganar allon nan naka tana nan, kar ka ɗauka na manta."

"Na sani."

"Da ruwan ɗorawar. Ka nemi wani launi."

"To, Yaya."

Ta miƙe ta gyara ɗaurin zane ta kama hanyar ƙarshen layi, shi yana biye, mu kuma muna biye da su ba tare da an gayyace mu ba. Baba ya ce in kai shi gida, na yi kamar ban ji ba, ya kuwa ƙyale ni don shi ma yana son gani.

A bakin ƙofar ta ɗan tsaya, sannan ta yi bismilla ta shiga. Ma'aikata suka dare mata hanya. Ta wuce injin ko kallo bai ishe ta ba, ta wanke hannu, ta yaye ƙyallen da aka rufe kwaɓi ta luma yatsu a ciki. Auta na tsaye a bayanta ya ƙame, ƙaton mutum mai gemu, yana jiran abin da za ta ce.

"Wa ya koya maka kwaɓi da ruwa haka?"

"Ke, Yaya."

"Ƙarya kake," in ji ta, tana naɗe hannun riga. "Miƙo fulawa."